Binciken duwatsu masu aman wuta daga ƙasar da ba ta da ko ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Aboabo a nan Kumasi, ina shekara ta uku a fannin ilimin duwatsu da ma'adinai. Tun ina sakandare nake sha'awar duwatsu masu aman wuta da binciken duniyoyin sama, kuma burina shi ne in zama malamar jami'a mai bincike a kansu. Mahaifina yana ganin gara in nemi aiki a kamfanin haƙar zinare da zarar na gama, abokan karatuna kuma suna yi mini dariya wai Ghana ba ta da dutse mai aman wuta ko ɗaya. Shin wannan hanya mai ɓullewa ce ga irina, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Abokan karatunki sun faɗi rabin gaskiya. A yau babu dutsen da ke aman wuta a Ghana, kuma in kina son ki ga mai rai a gaɓar wannan yanki namu sai kin je Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 ya sake yi a 2000. Inda suka kauce shi ne zaton da suke yi cewa mai wannan bincike yana ƙarar da rayuwarsa ne a bakin rami yana kallon wuta. Ni da nake ba ki amsa, in aka tara duk kwanakin da na yi kusa da narkakken dutse mai zafi ba za su wuce 'yan makonni ba, sauran shekarun kuwa sun tafi ne a gaban na'urar ƙara girman abu, da ɗakin gwaji, da kwamfuta, da aji cike da ɗalibai. Saboda haka kafin mu zo kan hanya, ya kamata ki san ainihin abin da aikin yake tambaya, domin daga nan ne za ki gane ko shi kike so ko hotunansa ne suka burge ki.

Tambayar farko a wannan fanni ita ce yadda dutse yake narkewa tun asali. Mutane da yawa, har da waɗanda suka yi karatu, suna ɗauka cewa a ƙarƙashin ƙafafunmu akwai teku na narkakken dutse da ɓawon ƙasa ke yawo a kai. Ba haka abin yake ba. Sashen da ke ƙarƙashin ɓawon, wanda kaurinsa ya kai kusan kilomita 2,900, daskararre ne duk da tsananin zafinsa, domin nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa. Magma, wato narkakken dutsen da ke cikin ƙasa, tana samuwa ne a wurare ƙalilan, kuma ta hanyoyi sanannu. Ko dai dutse mai zafi ya taso sama a hankali har matsin da ke kansa ya ragu, kamar yadda ke faruwa a tsakiyar Tekun Atlantika da Hawai da tsagin gabashin Afirka, ko kuma ruwa ya shige shi ya sauko da ma'aunin da yake narkewa a kai, wanda shi ne abin da ke faruwa a Japan da Indonesiya da tsaunukan Andis, inda wani falle na ɓawon ƙasa ke nutsewa ƙarƙashin wani ɗauke da ruwan teku a cikin ma'adinansa. Wani lokaci kuma magmar da ta taso daga can ƙasa ce ke gasa ɓawon da ta tarar har shi ma ya narke. A duk waɗannan, dutsen ba ya narkewa gaba ɗaya. Ki tuna da kwalbar manja da ta daskare da hunturu: in rana ta ɗan taɓa ta, wani sashe mai ruwa-ruwa ne ke fara tsatsowa, gudajin su rage a ƙasa, kuma abin da ya tsatso ba daidai yake da abin da ya rage ba. Haka magma take. Ruwan da ya fara fita daga dutse yana da sinadarai dabam da na uwar dutsen, kuma daga wannan bambanci ne mai bincike yake komawa baya ya lissafa zurfin da aka yi narkewar da yawan abin da ya narke.

Tambaya ta biyu ita ce dalilin da ya sa wani dutsen yake malalo da wuta a hankali har mutane su tsaya kallo, wani kuma ya tashi da gari guda cikin sa'a ɗaya. Amsar tana cikin kauri da iska. Magmar da ke daskarewa ta zama baƙin dutsen da ake kira basalt, wadda silikar cikinta (sinadarin da ya fi yawa a yashi) ke kusa da kashi 50 cikin ɗari, tana fitowa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos, kuma tana gudana kamar koko mai ruwa, iskar da ke cikinta na samun hanyar fita ba wahala. Wadda silikarta ta haura kashi 70 ba ta kai wancan zafi ba, amma ta fi kauri nesa ba kusa ba, don haka tururi da sauran iska suna maƙalewa a ciki har sai sun fasa ta da ƙarfi. Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan tukunyar tuwo ta san cewa ruwan zalla yana tafasa lafiya, amma da zarar an yi talge ya yi kauri sai ya fara tsartuwa yana ƙona hannu. Wannan misali ya fi yawancin zanen da ke cikin littattafan koyarwa kusa da gaskiya. Finatubo a ƙasar Filifin irin na biyun ne, kuma aman da ya yi a watan Yuni na 1991 ya watsa hayaƙin farar wuta sama har zafin duniya baki ɗaya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo.

Abin da ke riƙe mutum a wannan aiki shekara da shekaru shi ne cewa duk wannan tarihi a rubuce yake a cikin dutsen bayan ya huce. Ana yanka dutse a goge shi a kan gilashi har kaurinsa ya koma kashi uku cikin ɗari na milimita, yadda haske zai ratsa shi, sannan a duba shi a na'ura. A nan za ki ga ƙwayoyin ma'adinai masu zobe-zobe kamar na kututturen itace, kowane zobe yana nuna wani sauyi da aka samu a rumbun magmar: sabuwa ta shigo, ko zafi ya ragu, ko ruwa ya ƙaru. Wani lokaci ƙwayar olibin kan rufe ɗigon magma a cikinta tun tana can ƙasa, ɗigon ya daskare ya zama gilashi, ya adana ruwa da iskar da ke cikin magmar kafin ta fito. Ƙwayar zirkon kuma, wadda ba ta kai ƙwayar yashi girma ba, tana ɗauke da yuraniyom da ke rikiɗa zuwa dalma a kan ƙa'ida sananniya, kuma da ita ake gane shekarun dutse. Tushen wannan tunani ya faro ne daga gwaje-gwajen Norman Bowen a Washinton a farkon ƙarni na 20, wanda ya narkar da ma'adinai a tanderu ya nuna cewa suna daskarewa bi da bi, kowanne in ya fita yana sauya abin da ya rage.

To, in dutsen da ya huce ne littafin, Ghana ba ta rasa abin karantawa ba. Duwatsun da ake kira Birimiyan, waɗanda suka samo sunansu daga kogin Birim, sun mamaye kudu maso yamma da wani sashe na arewacin ƙasar nan, kuma shekarunsu sun kai biliyan 2.1 zuwa 2.2. An jera su ɗamara-ɗamara, irin su ta Ashanti da ta Sefwi da ta Kibi zuwa Winneba da ta Bui da ta Lawra, kuma kowace ɗamara ragowar duwatsu masu aman wuta ce da suka yi aiki a cikin teku tun kafin a sami wata halitta mai ƙashi a duniya. A gaɓar teku wajen Butre akwai basalt mai siffar matasan kai da aka jibge, siffar da ba ta samuwa sai in narkakken dutse ya fito a ƙarƙashin ruwa ya huce nan take. Masana har yau suna muhawara kan irin yanayin da waɗannan duwatsu suka samu a ciki, ko jerin tsibirai ne irin na Japan ko wani makeken tudu ne a ƙasan teku, kuma muhawarar tana da nauyi domin a wannan zamani ne aka ƙera babban sashe na ɓawon Afirka ta Yamma. Zinaren Obuasi da mahaifinki yake hange yana kwance ne a tsagogin da suka ratsa gefen waɗannan ɗamaru, inda ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi ya ajiye shi. Wato abin da yake so ki yi da abin da kike so ki yi duk a dutse guda suke. Kamfanoni sun haƙa rijiyoyin gwaji masu zurfi sun tara sandunan dutse a rumbunansu, kuma albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko: ɗalibar da ta iya mu'amala da su takan sami samfurin da ko jami'ar Turai ba za ta iya biyan kuɗin haƙo shi ba.

Amma babbar dukiyar ɗan Kumasi a wannan fanni tana nan kudu maso gabas da gari, tafiyar kilomita 30 ko sama da haka kaɗan, wato tafkin Bosomtwi. Da yawa daga cikin 'yan zango sun san shi ne a matsayin wurin shaƙatawa ranar hutu, Tonawa kuma suna girmama shi a al'adarsu, masuntansu suna kamun kifi a kan falankin katako. Ramin da tafkin ke ciki faɗinsa kilomita 10.5 ne, kuma wani dutse ne daga sararin sama ya faɗo ya haƙa shi kimanin shekara miliyan 1.07 da suka wuce. Tarihin gano hakan darasi ne a kansa. Tun shekarun 1930 masana suka rabu, wasu suna cewa bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ya rufta, wasu suna cewa faɗowar dutsen sama ce, kuma siffar ramin kaɗai ba ta isa ta raba gardamar ba. Abin da ya raba ta yana cikin ma'adinai. An sami kowesayit, wani nau'in silika da ba ya samuwa a saman ƙasa sai da matsi mai tsanani ƙwarai, an kuma sami ƙwayoyin ma'adinin kwaz masu siraran layuka a jere waɗanda babu aman wutar da ke iya yin su. Sannan aka gano cewa wasu ƙananan duwatsun gilashi da ake tsinta a ƙasar Kodebuwa, ɗaruruwan kilomita daga nan, da wasu ƙanana ƙwarai da aka samu a lakar ƙasan Tekun Atlantika, shekarunsu da sinadaransu sun dace da duwatsun Bosomtwi. Ƙasar Asante ce ta narke ta tashi sama ta sauka a can. A 2004 wani shirin haƙar bincike na ƙasa da ƙasa ya kafa na'ura a kan tafkin ya ratsa lakar da ta taru har cikin farfasassun duwatsun da ke ƙasa, kuma Christian Koeberl na Jami'ar Biyana yana cikin jagororin aikin.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan Bosomtwi shi ne, faɗowar duwatsu ita ce ta fi komai sassaƙa fuskar wata da Mars da Makyuri, amma a duniyarmu ruwan sama da zaizaya sun shafe yawancin ramukan. Waɗanda aka tabbatar a doron ƙasa kusan 200 ne kacal, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka kai Bosomtwi girma tare da ƙuruciya da kyan adana. Har an kwatanta yadda tarkacen da ya watso ya kwanta a kewayensa da na wasu ramukan Mars da ake zaton ƙasarsu tana da ruwa ko ƙanƙara lokacin faɗowar. Mai binciken da ke Jamus ko Amurka sai ya nemi tallafi na shekara guda kafin ya zo ya yi mako biyu a nan, ke kuwa kuɗin trotro zuwa Kuntanase da Abono ne ya raba ki da shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda yawancin rubuce-rubucen da aka yi a kan tafkin suke ɗauke da sunayen baƙi a gaba, namu a baya, ga kuma masu galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, da ke ta matsowa yankin suna yamutsa ƙasar da ba a gama karanta ta ba.

Binciken duniyoyin sama kuwa, in aka cire masa ado, ilimin duwatsu ne da ake yi a inda ba a iya zuwa da guduma. Baƙaƙen tabban da kike gani a fuskar wata filaye ne na basalt da ya malala ya daskare. 'Yan sama jannatin Apollo sun dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa tsakanin 1969 da 1972, kuma da shekarun waɗannan samfura ne aka daidaita hanyar ƙirga ramuka, wadda da ita ake kimanta tsufan kowane fili a sauran duniyoyi: filin da ya fi yawan ramuka shi ya fi daɗewa. A 2020 kumbon Sin mai suna Chang'e 5 ya dawo da gram 1,731, aka auna aka ga basalt ɗin shekararsa biliyan 2 ce, wato wata ya ci gaba da aman wuta bayan lokacin da ake zaton ya riga ya huce, kuma har yanzu ana neman abin da ya riƙe masa zafi. A Mars akwai Olimfus, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura kilomita 20, faɗinsa kuma kusan kilomita 600. Ya kai haka ne domin ɓawon Mars ba ya tafiya kamar namu, don haka magma ta yi ta taruwa a wuri guda, ga kuma ƙarancin nauyi, wanda bai kai kashi 40 cikin ɗari na namu ba. Zara matar wata, wadda Turawa ke kira Binos, lulluɓe take da filayen basalt, kuma a 2023 aka sake duba hotunan radar da kumbon Magellan ya ɗauka a 1991 aka ga bakin wani dutse ya sauya siffa cikin watanni takwas. Ki lura da wannan: hotunan sun fi shekara 30 a ajiye, kowa na iya sauke su, sai da wani ya zauna ya duba da haƙuri. Haka ma Linda Morabito, injiniyar da ke aikin daidaita hanyar kumbon Voyager 1, ita ce ta fara hango hayaƙin aman wuta a Iyo, ɗaya daga cikin watannin Mushtari, a watan Maris na 1979.

Akwai kuma labarin da nake so kowane ɗalibi Bahaushe ya sani. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina. Basalt ne da ya daskare daga magma kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, kuma iskar da aka samu a maƙale cikin gilashin jikinsa ta dace da iskar Mars kamar yadda kumbunan Viking suka auna ta a 1976. Aman wutar Mars ne ya sauka a ƙasar Hausa. Sahara ma cike take da irin waɗannan duwatsu, sai dai yawancinsu suna ficewa ta hannun dillalai zuwa kasuwannin waje ba tare da wani masani na yankin ya gan su ba. A Maroko, Farfesa Hasnaa Chennaoui ta Jami'ar Hassan na Biyu da ke Kasablanka ta gina sunanta ne a kan bin diddigin duwatsun da ke faɗowa a ƙasarta. Mu a nan, abin da aka fi kawo mini a ce ya faɗo daga sama shi ne gatarin aradu, wanda a gaskiya gatarin dutse ne da mutanen dauri suka wasa da hannunsu, ko kuma kashin maƙera.

Yanzu ga hanya. Abin da zai ɗauke ki ko ya kayar da ke shi ne ilimin sinadarai da fiziks da lissafi, kuma a nan ne ɗalibanmu suka fi rauni, domin da yawa sun zaɓi duwatsu ne don gudun lissafi. Ki ba darussan ma'adinai da na duwatsun da suka samu daga magma da na sinadaran ƙasa dukkan ƙarfinki, ki koyi rubuta shirin kwamfuta da harshen Python, ki saba da manhajar taswira ta QGIS, kuma ki nemi izinin zama da na'urar duba yankakken dutse bayan an tashi aji har idonki ya iya raba ma'adinan firoksin da amfibol ba tare da tambaya ba. Aikinki na shekarar ƙarshe ki yi shi a kan Bosomtwi ko wata ɗamarar Birimiyan, da ƙaramar tambaya guda wadda za a iya amsawa cikin wata shida. Bayanan kumbunan NASA a buɗe suke kyauta a rumbunta na intanet, manhajar JMARS ta Jami'ar Jihar Arizona ma kyauta ce, haka hotunan radar na tauraron ɗan Adam na Sentinel-1 da ake auna kumburin ƙasa da su kafin aman wuta. In za ki yi hidimar ƙasa, ki yi ƙoƙari ta kasance a sashenku a matsayin mataimakiyar koyarwa, ko a Hukumar Binciken Ƙasa ta Ghana, wadda asalinta ya koma ga ofishin da Albert Kitson ya kafa a 1913, ko a Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya a Akra, inda ake auna sinadaran samfura. Digiri na biyu mai bincike shekara biyu ne, kuma ana iya yin sa a nan Kumasi ko a Legon ko a Tarkwa.

Digiri na uku a wannan fanni kusan dole ne ya haɗa da wata jami'a ta waje, domin na'urorin da ke auna ƙwayar ma'adini guda ko shekarun zirkon suna da tsada ƙwarai, kuma an fi samun su a Afirka ta Kudu da Turai da Amurka da Ostireliya da Japan da Sin. Kada ki biya kuɗin digiri na uku daga aljihun mahaifinki. A Amurka sashen kimiyya ne ke biyan ɗalibi alawus a madadin koyarwa ko bincike, kuma karatun yakan ɗauki shekara biyar. A Ingila da Jamus da Faransa shekara uku zuwa huɗu ne, ta hanyar tallafi irin na Commonwealth ko na hukumar DAAD ta Jamus ko kuɗin aikin da malamin ya samo. Ki zaɓi malami kafin ki zaɓi jami'a. Ki karanta rubuce-rubucensa biyu ko uku, ki rubuta masa gajeriyar wasiƙa da ke nuna kin fahimci abin da yake nema, ki gaya masa samfurin da ke hannunki da tambayar da kike son amsawa da na'urarsa. Irin waɗannan malamai suna samun wasiƙu da yawa daga masu cewa suna ƙaunar duwatsu masu aman wuta tun suna yara, amma wadda ta ce tana da duwatsu 40 daga gefen Bosomtwi, da taswirar inda ta ɗauko kowanne, ita ce ake amsa wa. Kuma ki tambayi tsofaffin ɗalibansa halinsa a asirce, domin shekara huɗu a hannun mugun malami a ƙasar sanyi ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Daga yau zuwa ranar da za ki zauna a ofishinki na malamar jami'a, ki ƙiyasta shekara takwas zuwa goma, har da kwantiragin bincike na shekara biyu ko uku da akan yi bayan digiri na uku. A wannan lokaci abokan karatunki da suka shiga kamfani za su yi mota su fara gini. Guraben aiki na dindindin a wannan fanni kaɗan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba. In kin dawo gida kuma za ki tarar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, da takardun jarrabawa da ke cin watanni, da ƙarin girma da ba ya zuwa sai da wallafa bincike a mujallun da masana ke tantancewa, ga yajin aiki lokaci zuwa lokaci a kan albashi. Na taɓa tura samfura 30 zuwa wani ɗakin gwaji a waje, aikin damina biyu, kwalin ya kwanta wata bakwai a hannun masu jigila, da ya isa kuma ruwa ya shige shi lambobin da na rubuta a jikin jakunkunan sun goge. Tun daga ranar nake raba kowane samfuri biyu, ina kuma saka lamba a ciki da waje. Wannan ne ya sa ba na ganin shawarar mahaifinki a matsayin cikas. Shekara biyu a kamfanin haƙar ma'adinai tana koya wa mutum karanta sandunan dutse da zana taswira fiye da yadda aji zai koya masa, tana kuma ba shi abin ajiyewa. Haɗarin kawai shi ne daɗin albashi, wanda ya riƙe mutane da yawa da suka shiga da niyyar fita. In kin bi ta nan, ki sa wa kanki wa'adi a rubuce.

Game da haɗarin aikin kansa, wanda na san shi ne zai fi damun mahaifiyarki, gaskiya ne an rasa masana. Katia Krafft da mijinta Maurice sun rasu a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yuni 1991, lokacin da guguwar toka mai zafi ta rutsa da su tare da wasu mutum 41. Sai dai waɗanda suka fi mutuwa su ne talakawan da ke zaune a gindin duwatsun, kuma saboda su ne fannin yake da daraja a wurina. A Armero ta ƙasar Kolombiya, a Nuwamba 1985, mutum fiye da 20,000 suka halaka a cikin lakar da aman wani dutse ya gangaro da ita duk da cewa an riga an zana taswirar haɗari, domin gargaɗin bai zama umarnin tashi ba. A tafkin Nyos na Kamaru, daren 21 ga Agusta 1986, iskar kabon da ta tsatso daga magma ta taru a ƙasan ruwa ta tashi gaba ɗaya ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu, ba wuta ba toka, kuma sai daga 2001 aka fara saka bututun da ke fitar da iskar a hankali. Dutsen Nyiragongo na ƙasar Kongo ya aika wuta cikin birnin Goma a 2002, ya sake tasar wa birnin a 2021. Afirka tana da duwatsu masu rai da yawa daga Habasha zuwa Tanzaniya zuwa tsibiran Kef Bad, masu lura da su kuma ba su da yawa, don haka ƙwararriyar da ta san magma ba za ta rasa inda ake bukatarta a nahiyar nan ba.

Kasancewarki mace 'yar zango zai jawo tambayoyi game da tafiye-tafiye da kwanan daji da aure, kuma gara ki tattauna su da iyayenki tun yanzu a fili. Aikin fili a ƙungiya ake yin sa, hijabi ba ya hana hular kwano zama, kuma na koyar da mata da suka yi digiri na biyu da goyo. Lokacin da za ki yi wa mahaifinki bayani, kada ki fara da Mars. Ki fara da Obuasi, ki nuna masa cewa karatun da kike so shi ne ke bayyana inda zinaren ya fito, sannan ki ambata masa Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Akra, injiniyan da ya jagoranci aikin hannun ƙarfen da ya sauke na'urar auna girgizar ƙasa ta kumbon InSight a kan Mars bayan saukarsa a 2018. Na'urar ta ji girgiza fiye da 1,300 kafin aikin ya ƙare a 2022.

Kafin hutun nan ya ƙare, ki sami abokan karatu biyu ku je Bosomtwi da guduma da kamfas da littafin rubutu. Ku fara gaida masu gari ku nemi izini kafin ku fasa ko dutse ɗaya. A gangaren da ke sauka zuwa Abono, ki duba inda hanya ta yanka tudu ki auna yadda shimfiɗun dutsen suka karkata, ki zana abin da kika gani da hannunki ko da kin ɗauki hoto. Ki ɗauko samfura uku, ki rubuta wurin da kika ɗauki kowanne da lambobin GPS na wayarki, sannan ki kai wa malaminki na darasin ma'adinai ki roƙe shi a yanka miki ɗaya ku duba tare.